Wai Ba Ta San Sunan Ɗanta Ba

Litinin, 6 ga Oktoba, da hantsi

Raina a ɓace yake, rubutun sai dai ya fita yadda ya ga dama.

Yau na dawo ofis daga hutun jinya. Ko jaka ban ajiye ba na kunna kwamfuta na leƙa Dandali, kamar yadda na saba. Dandalin nan shi ne mahaɗarmu ta intanet, mu masu aikin wayar da kai a ƙungiyoyin raya al'umma. Daga Kano har Nepal har Peru, kowa ya kawo abin da ya gwada a garinsu, wanda ya yi kyau da wanda ya watse. Shekara da shekaru ina ciki. A can wata mata 'yar Nepal, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba, ta koya mini yadda ake tara mata su saurari shirin rediyo tare sannan su tattauna. Da dabararta na kafa ƙungiyar masu sauraro a unguwar Kaura Goje, a tsakar gidan wata dattijuwa da muke kira Gwaggo. In ana zagin intanet a gabana, Dandalin nake kafa hujja da shi.

To yau a saman shafin hoton wa zan gani? Sa'adatu. Matar Aƙilu ɗan Gwaggo, wadda take shimfiɗa mana tabarma duk Laraba. Tana zaune ta kau da kai, ta ja gyale ta rufe rabin fuska, jaririnta yana kan cinyar Gwaggo. A ƙasa, da manyan baƙaƙen Turanci: wai ga uwar da ba ta san sunan ɗanta ba.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Amanda ce ta rubuta, Baturiyar da babban ofis ya turo duba aikinmu lokacin ina asibiti da babbar yarinyar gidanmu. Ta je gidan daga ita sai direba sai wayarta mai fassara, wadda take furzo Hausa kamar an tauna an zubar. Wayar ta tambayi Sa'adatu sunan yaron. Sa'adatu ta ce, "Ni ban sani ba." Shi ke nan fa. A kan wannan aka gina dogon bayani: wai talauci da ciwon damuwa na bayan haihuwa sun raba matan Arewa da 'ya'yansu, wai ko kallon ɗan ba ta yi ba, ko ɗaukarsa ba ta yi ba har aka tashi.

Ɗan fari ne! Ɗan fari, kuma sunan mahaifin mijinta ya ci, kuma a gaban uwar miji aka tambaye ta. Wace 'yar mutunci ce za ta wage baki ta faɗa? Ita kanta Gwaggon ba ta faɗar sunan, tunda na marigayi mijinta ne, Maigida take ce masa. Gida guda a kan yaron nan ake kwana ake tashi, amma babu mai kiran sunansa na yanka sai malamar asibiti.

Kunya ce. Ko wa ta tara a titin nan na GRA ta tambaya, da ya faɗa mata.

Talata, 7 ga Oktoba, bayan Azahar

Na shiga wajen Oga Simon. Shi ne shugaban ofishinmu, mutumin Wusasa, Hausarsa ta fi tawa zurfi in yana so. Na juya masa kwamfutar na ce, "Oga, ka ga wannan?"

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce, "Na gani, Hajiya Salwa. An turo mini kafin a ɗora."

"An turo maka?"

"Na ce a raina ba haka ba ne."

"A ranka? Ranka ne zai gyara rubutun?"

Sai ya hau yi mini bayanin cewa masu tallafa mana sun ji daɗin labarin, cewa tun da muka buɗe ofishin nan ba a taɓa sa aikinmu a saman Dandali ba, cewa a watan gobe za a yanke ko shirin rediyon zai ci gaba. Na ce to shirin ya ci gaba a kan mutuncin yarinyar mutane ke nan? Ya ce in yi haƙuri, abin zai wuce, gobe wani labarin zai danne shi.

Ni na tsaya a tsakar gidan nan na dafa ƙirji na ce wa Gwaggo duk hoton da aka ɗauka ba zai wuce ofis ba. Bakina ne ya faɗa, ba na Amanda ba.

Na koma teburina na rubuta amsa a ƙarƙashin labarin. Na bayyana mene ne kunyar ɗan fari, tiryan-tiryan, ban zagi kowa ba ko da yake zagin yana bakina. Na aika. Sai aka rubuto mini wai masu kula da shafi suna dubawa.

Laraba, 8 ga Oktoba, da yamma

Suna dubawa.

Alhamis, 9 ga Oktoba, da safe

Tawa amsar ana dubawa, na sauran kuwa sai ɓulɓulowa suke yi. Wata ta ce zuciyarta ta karye. Wani malamin jami'a a Kanada yana neman izinin nuna hoton a ajinsa. Izinin wa? Na Amanda! Wani kuma ya kawo shawarar a shirya wa matan Kano horo a kan yadda ake ƙaunar jariri. Horo! Allah wadaran naka ya lalace, mu ne za a koya wa goyo.

Abin da ya fi ci mini rai, mutanen nan ba mugaye ba ne. Na san wasunsu. Kullum a Dandalin nan wa'azinsu ɗaya: a saurari jama'a, a saurari jama'a. Ni ma na sha rubuta shi. Ashe sauraron nan wayar hannu ake ba wa ta yi.

A gida na huce a kan ɗana Usaid saboda ya zubar da shayi, yaro bai san hawa ba bai san sauka ba. 'Yata Nabiha ta ɓuya a bayan ƙofa. Ita waccan, babbar, tana kwance, ɗinkin yana mata ƙaiƙayi. Na hana ta sosawa, na shafa mata man da likita ya bayar, ban ce mata komai ba.

Asabar, 11 ga Oktoba, bayan La'asar

Abin ya isa Kaura Goje.

Wani ɗan unguwar da yake karatu a waje ya gani, ya ɗauki hoton shafin, ya fassara, ya turo wa 'yan'uwansa. Daga waya zuwa waya, yanzu har mai markaɗe ya gani. Kuma fassarar ta ƙara gishiri: wai Turawa sun gwada matar Aƙilu sun ce tana da taɓin hankali.

Na je. Gwaggo ta tare ni a zaure, abin da ba ta taɓa yi ba. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a taƙaice. Ta ce, "Malama Salwa, me muka yi miki?"

Na ce, "Gwaggo, wallahi ba na nan."

"Na san ba kya nan. Amma da sunanki suka shigo. Matar ta ce, Salwa, Salwa, shi ya sa na ce a shimfiɗa mata tabarma."

Ta ce matan unguwa duk sun san kunya ce, amma bakin mutane ba ya buƙatar gaskiya. 'Yan matan layin sun laƙaba wa Sa'adatu suna, in ta wuce sai a ce ga Ban-sani-ba nan. Mahaifiyarta ta bugo waya daga Hotoro tana kuka, tana tambaya ko da gaske ne an ga alamar ciwo. Aƙilu ya ce rediyon nan kada ya sake jin sa a gidansa. Ita kuwa Sa'adatu ta shige ɗaki. Ranar awo ta zo ta wuce, ba ta kai yaron rigakafi ba, don ta ce ba za ta zauna a bencin asibiti ana nuna ta da baki ba.

Rigakafi. Shirin namu kacokan a kan rigakafi ne. Mata nawa Sa'adatu ta ja da hannunta zuwa asibitin nan? Yau mu muka hana ɗanta zuwa.

Ban ga Sa'adatu ba. Na dai ji kukan yaron daga ciki, na kuma ji yadda aka yi shiru da shi nan take.

Litinin, 13 ga Oktoba, da rana

Suna dubawa. Na sake aikawa. Na rubuta wa masu kula da shafin kai tsaye. Na'ura ta amsa mini cewa saƙona yana da muhimmanci a wurinsu.

Laraba, 15 ga Oktoba, bayan Azahar

Amanda ta kira ni ta bidiyo. Na yi mata bayani da Turancin da ya rage mini, don in raina ya ɓaci Turanci guduwa yake yi. Ta buɗe baki, ta dafe kai, sai hawaye. Ta ce ba ta sani ba, ta ce tausayin yarinyar ne ya kama ta. Na yarda da ita, wallahi na yarda. Amma sai ga ni ina cewa ya isa, ya isa. Ni aka ɓata wa mutane, ni ce kuma mai lallashi.

Na ce to a cire. Ta ce ba ta da ikon cirewa, labarin ya zama na Dandali, kuma dokarsu ba a sauke rubutu sai da shaida. Sai fuskarta ta washe, wai ta sami dabara. In je in ɗauki ɗan gajeren bidiyo, Sa'adatu ta rungume ɗanta ta kalli kyamara ta faɗi sunansa. A ɗora a ƙasan labarin, kowa ya ga an sami sauƙi.

An sami sauƙi! Wato da can ciwo ne. Wato maganin wadda aka tuɓe wa ɗankwali a kasuwa shi ne ta cire zanen ma, don a tabbatar lafiyarta ƙalau.

Ba ta ji komai ba cikin abin da na faɗa. Ta dai yi kuka.

Alhamis, 16 ga Oktoba, da safe

Oga Simon ya ce babban ofis ya amince da shawarar bidiyon. Ya ce umarni ne. Bai kalle ni ba da yake faɗa, tagar yake kallo, kamar bishiyar mangwaron ofis ce za ta je Kaura Goje.

Asabar, 18 ga Oktoba, da hantsi

Na je. Ba zan ɓoye ba, na je da wayata a caje.

Gwaggo ta bar ni na shiga. Sa'adatu ta rame, idon nan ya faɗa. Ta gaishe ni, "Anti, ina kwana, yaya mai jiki?" Ita ce ma take tambayata mai jiki. Na faɗa musu abin da aka ce. Gwaggo ta ja tsaki ta juya mana baya. Sa'adatu ta daɗe tana murza bakin zaninta, sannan ta ce, "Anti, in na faɗa za su cire?"

Na ce haka suka ce.

"To zan faɗa."

Ta ɗauki yaron daga tabarma. A gaban Gwaggo. Ta zaunar da shi a cinya, shi kuwa ya kama gyalenta yana dariya, ƙato da shi, kumatu kamar an hura. Wannan ne wai yaron da ba a kula da shi. Na ɗaga waya. Ta kalli wayar, ta kalli bayan Gwaggo, ta buɗe baki. Harafin farko ya fito, na ji shi. Sai hawaye ya gangaro ya sauka a kan yaron.

Na sauke wayar na jefa a jaka. Na ce, "Rufe bakinki, Sa'adatu. Kada ki faɗa. Ba ke kika yi laifi ba."

Ta ce, "To hoton fa?"

Na ce ki bar ni da hoton. Na faɗa da ƙarfi kamar ina da wani abu a hannu. Ba ni da komai. A adaidaita sahu na yi ta zagin kaina da Dandali da wanda ya ƙirƙiro waya mai fassara, har direban ya waiwayo.

Lahadi, 19 ga Oktoba, bayan Magariba

Ina ba maigidana labari a falo, ashe ita waccan tana ji. Ta fito tana dafe da ciki ta ce, "Umma, ke ma ai ba kya faɗar sunana. A asibiti da nas ta tambaye ki, Abba kika kalla."

Na ce wuce ki kwanta, wa ya sa da ke.

Ta tafi tana dariya. Makon da aka shiga da ita ɗakin tiyata, ban san na ci abinci ko ban ci ba.

Talata, 21 ga Oktoba, da rana

Takardar gargaɗi, saboda ƙin bin umarni. Na karɓa, na sa hannu, na ce na gode. Jibi ne taron wata-wata na Dandali, wanda ake yi ta bidiyo, kuma labarin Amanda ne abin tattaunawa. Kowane mamba yana da damar ɗaga hannu. A can dai babu mai cewa yana dubawa.

Alhamis, 23 ga Oktoba, bayan La'asar

An yi.

A ɗakin taro muka zauna, ni da Oga Simon, kwamfuta ɗaya. Fuskoki cike da allo, ƙanana-ƙanana kamar hotunan fasfo. Aka ɗora hoton Sa'adatu. Na danna alamar ɗaga hannu, Oga ya ce a hankali, "Hajiya, ki tuna da takardar nan." Na ce na tuna.

Da aka ba ni dama na ce sunana Salwa, daga Kano, kuma matar da kuke kallo tana da suna, tana da uwa, tana da unguwa, kuma unguwar tana da waya. Na faɗi mene ne kunya. Na ce a wurinmu wanda ya fi girma a zuciya shi baki yake tsallakewa. Na ce yaron nan bai sami allurarsa ba saboda tausayinku. Muryata ta tashi, na ji ta, ban sauke ba.

Sai malamin Kanada ya ce, cikin ladabi, yana son ya fahimta. Wannan al'ada ta matan da ba su yi makaranta ba ce, ko kuwa? Ni misali, ina da 'ya'ya? Yaya sunan na farkon?

Na buɗe baki. Allah shi ne shaida, na yi niyya, don in nuna masa ba tsoro ba ne. Fuskoki duk suna jira. Na ce ina da Usaid, ina da Nabiha. Ya ce, na farkon fa? Na kalli tebur.

Sai na ji an ja kwamfutar daga gabana. Oga Simon ne. Ya gyara murya ya ce shi ne shugaban ofishin Kano, shi ɗan fari ne, kuma mahaifiyarsa ta rasu ba ta taɓa ce masa Simon ba ko sau ɗaya. "Kai wannan" take cewa. Ita ta sayar da awakinta ta kai shi makaranta. Ya ce ya karanta labarin kafin a ɗora, ya san ƙarya ne, ya yi shiru. Daga nan ya cire tabarau.

Daga nan gefen allon ya cika da rubutu. Wata daga Indiya ta ce kakarta ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Wani daga Afirka ta Kudu ya ce su ma matansu suna kauce wa sunan suruki. 'Yar Nepal ɗin nan tawa ta rubuta, a sauke hoton yanzu. Duk sun sani ashe! Kowa yana da irinta a gidansu, amma da aka ce Kano sai suka yarda.

Kafin a tashi an sauke. Amanda ta nemi afuwa a gaban kowa. Ban ji sanyi ba, gajiya kawai na ji. Oga ya ce mai yiwuwa mu biyun mu nemi wani aikin. Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri.

Juma'a, 24 ga Oktoba, da safe

Yau aka saki amsata ta ranar Talatar farko. An gama dubawa. A ƙarƙashin shafin da babu komai.

Laraba, 29 ga Oktoba, da yamma

Gwaggo ta aika a kira matan, suka zo, sai dai babu rediyo. Na tsaya na ce an cire hoton, an nemi gafara. Uwa mai ƙosai ta ce, "An cire a wayoyin yaran unguwa ma?" Na ce a'a. Ta ce, "To." Labulen ɗakin Sa'adatu a sake, ba ta fito ba. Na ji kamar in nutse, don abin da na ɗauko a matsayin nasara bai kai ko bakin ƙofarta ba.

Sai Gwaggo ta ɗaga murya, yadda har na soro zai ji. Ta ce, "Malama Salwa, ke da kika yi boko har kika ƙure shi, kike magana da Turawa ta cikin akwati. Yarinyar nan taki da aka yi wa aiki a asibiti, yaya ma sunanta?"

Matan duk suka juyo. Har 'yan matan layin da suka leƙo ta katanga. Ban shirya ba, wallahi ban shirya ba. Hannuna ne ya ja gyale da kansa, na ji bakina ya ce, "Ni ban sani ba, Gwaggo."

Gidan ya fashe da dariya. Uwa har da buga cinya. Gwaggo ta ce, "To ku ɗauke ta hoto, ga wata mahaukaciyar!" Cikin hayaniyar na ji wata 'yar dariya daga bayan labule. Can labulen ya motsa. Sa'adatu ta fito, yaron a baya, katin asibiti a hannu. Ba ta kalli kowa ba, ta durƙusa kusa da ni ta ce, "Anti, gobe akwai awo?"

Na ce akwai. Na ce ni zan zo mu tafi tare, mu zauna a benci ɗaya.

Yanzu ina gida. Littafin nan babu mai buɗe shi sai ni, na ce bari in rubuta sunan ita waccan sau ɗaya, in gani. Na ɗora biro.

Ta dai warke, alhamdulillahi. Ɗinkin ya kame, yau har tuwo ta nema.